Godzilla da ƴan uwansa: yadda tsoron bam ɗin nukiliya ya haifi dodannin silimar Japan

A watan Maris na shekarar 2024, fim ɗin Japan mai suna Godzilla Minus One ya lashe kyautar Oscar a Amurka, a fannin dabarun haɗa hoto. Wannan ne karo na farko da dodon ya samu irin wannan kyauta, shekaru 70 bayan fitowarsa ta farko. Matasa da yawa sun san Godzilla ne ta sababbin finafinan Amurka, inda kwamfuta ke zana shi yana dambe da wasu dodanni. Wanda kuma ya ci karo da tsofaffin finafinan na Japan yakan yi dariya, domin a fili yake cewa mutum ne cikin rigar roba yake tattaka gidajen kwali. Sai dai mutanen Tokyo da suka shiga gidajen silima a ƙarshen 1954 ba wasan yara suka gani ba. Sun ga garinsu yana ci da wuta karo na biyu cikin shekaru goma.

Japanawa na kiran irin waɗannan dodanni kaiju, wato baƙuwar dabba mai ban tsoro. Tarihinsu ya faro ne daga wani jirgin kamun kifi.

Tokar da ta zubo daga sama

Ranar 1 ga Maris 1954, Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik. Ƙarfinsa ya kai megaton 15, kimanin sau dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima, ya kuma ninka abin da masana suka yi hasashe fiye da sau biyu. Wani jirgin kamun kifin tuna na Japan, Daigo Fukuryu Maru, yana nesa da wurin da fiye da kilomita 100, a wajen yankin da aka hana shiga. Ma'aikatansa 23 suka ga haske ya taso daga yamma kafin fitowar rana, daga baya wata farar toka ta yi ta zubo musu na tsawon sa'o'i. Tokar na ɗauke da gubar nukiliya. Ko da suka koma tashar Yaizu bayan mako biyu, dukkansu ba su da lafiya: fata ta ƙone, gashi na zuba. Mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu ranar 23 ga Satumba na wannan shekara.

Hankalin ƙasar gaba ɗaya ya tashi. Aka riƙa auna kifi a kasuwanni ana zubar da wanda aka samu da guba, a ƙasar da kifi ne cimar yau da kullum. Matan unguwar Suginami a Tokyo suka fara tattara sa hannun masu adawa da makaman nukiliya, kafin shekara ta gaba ta ƙare an samu sa hannu fiye da miliyan 30.

Abin da ya ƙara wa lamarin zafi shi ne tsohon ciwon da ya fama. An jefa wa Hiroshima bam ranar 6 ga Agusta 1945, Nagasaki ranar 9. Kafin nan, a daren 10 ga Maris 1945, jiragen Amurka sun ƙone gabashin Tokyo, mutane kimanin dubu 100 suka mutu. Daga ƙarshen yaƙin zuwa Afrilun 1952 Japan na ƙarƙashin mamayar Amurka, kuma hukumomin mamayar sun taƙaita abin da jaridu da finafinai za su iya nunawa game da ɓarnar bam ɗin. Mutane sun haɗiye maganar shekara da shekaru, sai ga tokar Bikini ta tono ta.

Mutane huɗu da suka haifi dodon

A daidai wannan lokaci, Tomoyuki Tanaka, mai shirya finafinai a kamfanin Toho, yana neman abin da zai cike gurbin wani fim da ya so yi da haɗin gwiwar Indonesiya amma ya ruguje. Ya san cewa King Kong na 1933 ya sake kawo kuɗi da aka maimaita nuna shi a 1952, kuma a 1953 Amurkawa sun yi fim a kan wata dabbar zamanin da da gwajin bam ya tayar daga ƙanƙara. Tanaka ya ɗauki wannan tunani ya kawo shi tekun Japan.

Aka ba Ishiro Honda aikin ba da umurni. Honda ya yi shekaru a soja, an kama shi fursunan yaƙi a Sin, kuma a hanyarsa ta komawa gida a 1946 ya ratsa ta Hiroshima, ya ga abin da ya rage na garin. Dabarun hoto kuwa an damƙa su ga Eiji Tsuburaya, wanda a lokacin yaƙi ya gina ƙaramin samfurin tashar Pearl Harbor domin wani fim na 1942. Na huɗu shi ne mai kiɗa Akira Ifukube. Shi ya samar da kukan dodon ta hanyar goga safar hannu ta fata, wadda aka shafa wa ƙaro, a kan tsirkiyar wani babban gogen Turawa, sannan aka sauya saurin sautin da aka naɗa.

Sunan Gojira ya fito ne daga haɗa kalmomi biyu: gorira, wato goggon biri, da kujira, babbar dabbar nan ta teku da ta fi kowace dabba girma. Da aka kai fim ɗin ƙasashen waje ne aka rubuta sunan Godzilla.

Abin da fim ɗin 1954 ya ƙunsa

Fim ɗin ya fito a faɗin Japan ranar 3 ga Nuwamba 1954, baƙi da fari. Ya buɗe da ma'aikatan wani jirgin ruwa suna hutawa, sai wani haske ya taso daga teku, jirgin ya kama da wuta. Babu ɗan kallo a Japan da yake buƙatar a yi masa bayanin abin da ake nufi.

A wani tsibirin masunta mai suna Odo, wani dattijo ya ce Gojira ne, dodon da kakanni ke ba ƴan mata a matsayin hadaya idan kifi ya yi wuya. Wanda ya tashi da jin tatsuniya ya san irin wannan dodo. Amma masanin da gwamnati ta aika, Dakta Yamane, ya dawo da wani bayani: dabbar ta daɗe a ƙarƙashin teku, gwajin bam ne ya raba ta da mazauninta, kuma sawunta na ɗauke da tururin nukiliya. A majalisar dokoki aka kaure da gardama. Wasu na cewa a ɓoye maganar kada ta ɓata hulɗa da ƙasashen waje, wasu mata ƴan majalisa na cewa dole a faɗa wa jama'a gaskiya.

Daga nan dodon mai tsawon mita 50 ya shigo Tokyo da dare. Igwa da jiragen yaƙi da shingen wutar lantarki duk ba su tare shi ba. Ya rushe hasumiyar agogo ta unguwar Ginza da ginin majalisa, numfashinsa na narkar da ƙarfe. Abin da ya bambanta fim ɗin da na Amurka shi ne abin da Honda ya nuna bayan wucewar dodon: asibiti cike da masu rauni a kwance a ƙasa, likita na kara wa yaro na'urar auna tururin nukiliya tana ƙara, ƙaramar yarinya na kuka an ɗauke gawar mahaifiyarta. Akwai kuma wata uwa da ta rungume ƴaƴanta cikin wuta tana lallashinsu da cewa sun kusa tarar da mahaifinsu.

Maganin dodon yana hannun wani matashin masani, Dakta Serizawa, wanda ya rasa ido ɗaya a yaƙi. Ya gano wani sinadari da ke kashe iskar oksijin a cikin ruwa, ya halaka duk mai rai. Ya ƙi fito da shi, domin ya san da zarar shugabannin duniya sun gan shi za su mayar da shi makami. Sai da ya ga ƴan makaranta a talabijin suna addu'ar zaman lafiya sannan ya amince. Ya ƙone takardunsa, ya nutsa ƙarƙashin teku da kansa, ya saki sinadarin, sannan ya yanke igiyarsa da bututun iskarsa domin sirrin ya mutu tare da shi. Fim ɗin bai ƙare da murna ba. Yamane ya yi gargaɗin cewa muddin aka ci gaba da gwajin bam, wani Gojira na iya fitowa a wani wuri.

An sayar da tikiti kimanin miliyan 9 da dubu 600 a Japan.

Mutum cikin rigar roba

Tsuburaya ya so ya bi dabarar King Kong, inda ake motsa ɗan mutum-mutumi kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Lokaci da kuɗi ba su ba shi dama ba. Sai ya juya lamarin: a sa mutum cikin rigar dodo, a gina masa ƙaramin gari ya tattake. An gina unguwannin Tokyo da ma'aunin kashi 1 cikin 25 na ainihin girmansu. Ana ɗaukar hoton da sauri fiye da yadda aka saba, idan aka nuna shi daidai sai tafiyar dodon ta yi nauyi, gini ya faɗi a hankali kamar na gaske. Ana ajiye kyamara a ƙasa tana kallon sama, kamar idon mutumin da ke gudu a kan titi. Wasu turakun wutar lantarki da kakin zuma aka yi su, aka haska musu fitilu masu zafi har suka lanƙwashe. Wannan sana'a ita ce Japanawa ke kira tokusatsu.

Wanda ya fi ɗaukar wahalar shi ne Haruo Nakajima. Rigar farko ta kai kilo 100, ga zafin fitilu, ga ƙarancin iska, mintoci kaɗan yake iya yi a ciki kafin a fito da shi jiƙe da gumi. Ya riƙa zuwa gidan namun daji na Ueno yana nazarin tafiyar manyan dabbobi. Shi ya sa rigar Godzilla a finafinai 12, daga 1954 zuwa 1972. Ya rasu a 2017.

Yadda Amurka ta rage wa labarin kaifi

A 1956 aka fitar da fim ɗin a Amurka, amma ba yadda Honda ya yi shi ba. An ɗauki sababbin sassa da ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jaridar Amurka da ke ba da labari, aka yanke wasu sassan na asali. Cikin abin da aka cire har da hirar cikin jirgin ƙasa inda wata mata ke ambaton tsirarta daga Nagasaki, da gargaɗin Yamane na ƙarshe. Wannan sigar ce ta zagaya ƙasashe da yawa, ita ce ta sa duniya ta ɗauki Godzilla a matsayin fim ɗin nishaɗi kawai. Sai a 2004 aka nuna na asalin a gidajen silimar Amurka yadda ya kamata.

Kowane dodo da damuwar zamaninsa

Nasarar Gojira ta buɗe ƙofa. A 1955 Toho ta yi na biyu, inda a karo na farko dodo ya kara da dodo. A 1956 Honda ya yi Radon, wanda ƙasashen waje suka sani da Rodan, mai launi. Labarin ya faro ne a wata mahaƙar kwal ta tsibirin Kyushu, inda ma'aikata ke ɓacewa cikin rami. Haƙar da aka yi ta yi zurfi har ta tono wasu manyan ƙwari, sannan wasu tsuntsaye biyu na zamanin da. A lokacin kwal ne ƙashin bayan masana'antun Japan, kuma haɗarin rami abu ne da iyalai da yawa suka sani.

Mosura, ko Mothra, ta zo a 1961: ƙatuwar ƙwaro ce mai kama da malam-buɗe-littafi. Wani ɗan kasuwa daga wata ƙasar ƙirƙira mai suna Rolisika ya sato wasu ƙananan mata biyu daga tsibirin da ƙasarsa ta yi gwajin bam a kai, ya kawo su Tokyo yana nuna su don kuɗi. Mothra ta biyo sawunsu, ta yi ɓarna a Tokyo da kuma wani birnin Rolisika, har sai da aka mayar mata da su. Ba a kashe ta ba, domin ita ce mai gaskiya. Fim ɗin ya fito shekara ɗaya bayan gagarumar zanga-zangar 1960 ta adawa da yarjejeniyar tsaro tsakanin Japan da Amurka.

A 1962 aka haɗa King Kong da Godzilla. A nan Honda ya yi wa talabijin da masu talla shaguɓe: shugaban sashen tallan wani kamfanin magunguna ne ya sa a kamo Kong don ya jawo hankalin masu kallo. Fiye da mutane miliyan 11 suka kalle shi, kuma har yau babu fim ɗin Godzilla da ya tara ƴan kallo a Japan kamarsa.

Daga abin tsoro zuwa abokin yara

A 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi wasannin Olimpik kuma jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya fara aiki, Godzilla ya sauya hali. Wani dodo mai kai uku, Ghidorah, ya zo daga sararin samaniya, sai Godzilla da Rodan da Mothra suka haɗa kai suka kore shi. Wanda ya ƙone Tokyo shekaru goma baya ya zama mai kare ta.

Dalilin bai rasa nasaba da kasuwa ba. A 1958 an sayar da tikitin silima fiye da miliyar 1 da miliyan 100 a Japan. Zuwa 1970 adadin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na haka ba, domin talabijin ta shiga gidaje. Manya suka zauna gida, yara suka zama ƴan kallon da za a dogara da su. Kamfanin Daiei ya fito da Gamera a 1965, ƙaton kunkuru mai tashi sama wanda daga baya ya zama abokin yara. A 1966 kamfanin Tsuburaya ya kai dodanni talabijin da shirin Ultraman. A 1967 aka yi wa Godzilla ɗa, yana koya masa hura wuta. Kuɗin yin finafinan ya ragu, aka riƙa yanko tsofaffin hotuna ana sake amfani da su. Tsuburaya ya rasu a Janairun 1970.

Duk da haka tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu ba. A 1971 Yoshimitsu Banno ya yi fim ɗin Hedorah, dodon da ke girma da shan hayaƙin masana'antu da dattin da ake zubawa a teku. Sunansa daga kalmar hedoro yake, wato ƙazamin taɓo. A lokacin ana shari'o'in mutanen Minamata da gubar masana'anta ta nakasa, da na Yokkaichi da hayaƙi ya sa wa ciwon asma, kuma a wannan shekarar ce Japan ta kafa hukumar kare muhalli. Zangon farko na Godzilla ya rufe a 1975 da fim na 15, wanda Honda ya dawo ya yi, amma ƴan kallo ba su fito ba. Sai a 1984 aka sake tayar da dodon.

Me ya haɗa mu da wannan labari?

Mai karatu a Nijar ba baƙo ba ne ga abin da ya haifi Godzilla. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ta yi gwaji huɗu a sarari a can, sannan wasu 13 a ƙarƙashin duwatsun In Ekker, arewa da Tamanrasset, har zuwa 1966. Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Ko da Amurkawa suka yi nasu Godzilla a 1998, gwajin bam na Faransa a tekun Pasifik suka ɗora wa laifin haifar dodon, ba nasu ba.

Akwai kuma uraniyom. Yawancin wanda Amurka ta yi amfani da shi wajen ƙera bama-bamanta na farko daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. Japan ɗin da aka jefa wa bam ta rungumi wutar lantarkin nukiliya daga baya, kuma wani kamfaninta, OURD, ya riƙe kashi 25 cikin 100 na hannun jarin COMINAK a Akokan na tsawon shekaru. Mahaƙar ta yi aiki daga 1978 zuwa 31 ga Maris 2021, kuma batun miliyoyin ton na ragowar ƙasar da aka tace har yanzu yana bakin mutanen Arlit. Gardamar da aka yi a majalisar cikin fim ɗin 1954, ko a sanar da jama'a abin da na'urar awo ta nuna ko a ɓoye, tambaya ce da duk garin da ke zaune kusa da irin wannan ma'adini ya sani.

Japan kanta ta sake komawa ga dodon duk lokacin da abin ya taso. Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris 2011 da haɗarin tashar Fukushima, Hideaki Anno da Shinji Higuchi sun yi Shin Godzilla a 2016, inda jami'an gwamnati ke ta taro kan taro dodo na ƙara girma. Wanda ya ci Oscar kuwa, na Takashi Yamazaki, ya mayar da labarin shekarun farko na bayan yaƙi.

Ga mai son farawa, ya nemi Gojira na 1954 na asali, mai harshen Japananci da fassara a ƙasa, ba wanda aka saka Raymond Burr ba. Daga nan Rodan da Mothra, sannan Hedorah. Jirgin Daigo Fukuryu Maru kuwa yana nan har yau: an tsamo shi daga juji a bakin tekun Tokyo, kuma tun 1976 yana ajiye a wani zauren baje koli a Yumenoshima, inda ake kai ƴan makaranta su gan shi.